Tasi a ajiye, talabijin a kunne: maigidana ya nutse cikin tarihin Yankees

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kumasi ce, shekara 14 ke nan ina zaune da maigidana a Bronx cikin birnin New York, yaranmu uku. Direban tasi ne. Tun da aka sa dokar kulle ta korona a watan Maris na 2020 ya ajiye mota, ni kuwa aikina na kula da tsofaffi a gidajensu bai tsaya ba, kullum ina cikin jirgin ƙasa da takunkumi, gabana na faɗuwa.

Dama can yana son wasan besbol, wanda ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, ƙungiyarsa Yankees, filinsu ma da ƙafa ake zuwa daga gidanmu. Ban taɓa damuwa ba. Amma tun da aka dakatar da wasa abin ya zama wani iri. Kullum yana gaban talabijin yana kallon tsofaffin wasanni, waɗansu tun ba a haife shi ba, hoto baƙi da fari. Ya sayi littafin rubutu yana cika shi da sunaye da lambobi. Waya ba ta barin hannunsa, yana bin rigimar kuɗi tsakanin 'yan wasa da masu ƙungiyoyi kamar shi za a biya. Da azumi sai in tashi sahur in tarar da shi yana jiran wasan Koriya, mutanen da ko sunansu bai iya faɗa ba. An sha ruwa, an yi salla, bai daina ba. Sai gari ya waye yake kwanciya, ya tashi bayan azahar. Lokacin da yara ke karatu ta kwamfuta ba mai duba su, yanzu an yi hutu suna ta gararamba a ɗaki.

A watan Afrilu amininsa ya rasu da korona, wanda suka zauna ɗaki ɗaya farkon zuwansa Amurka, mutum kaɗan aka bari suka je jana'iza. Bai yi kuka ba, bai ce komai ba. Kuɗin da gwamnati ke ba shi muke haɗawa da nawa, ga haya, ga mutanen gida suna jiran na layya. Makon jiya na dawo aiki a gajiye na tarar da kwanuka a jibge, sai na zare wayar talabijin na ce masa matattun Turawa sun fi mu daraja a wurinsa. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ina tunanin in yanke tashar wasannin gaba ɗaya, ko in kira yayansa a Kumasi ya yi masa faɗa. Wanne ya fi?

Maman yara uku, Bronx, Yuli 2020

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya tsare ki a wannan shige da ficen da kike yi. Wata huɗu kina fita cikin garin da annoba ta fi yi wa ɓarna a Amurka, kina wanke tsofaffin wasu, kina ba su abinci, ki dawo gida ki tarar da naki kwanukan suna jiranki. Duk macen da ta ce ba za ta ji zafi ba, ba ta faɗi gaskiya ba. Don haka ban ga laifin fushinki ba, ko da yake akwai kalma ɗaya da zan dawo kanta.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa. Kin ba talabijin da littafin rubutu da wasan Koriya layi mai yawa, amma rasuwar amininsa kin wuce ta da jimla biyu, kika tafi maganar haya. Ina jin a gidan ma haka aka wuce ta. Mutumin da kuka raba katifa da shi a baƙon gari, wanda ya nuna maka inda ake sayen garin tuwo da inda ake salla, ba ƙaramin mutum ba ne. A Kumasi da an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, mutane su zo su tafi har mai makoki ya gaji da amsa "ya haƙuri", gajiyar nan kuwa ita ce maganin. Maigidanki bai samu ko ɗaya ba. Ba ki faɗa mini wanda ya fara kai shi filin Yankees ba, amma zan yi mamaki in ba marigayin ne ba. Ki riƙe wannan tambayar, za ta yi miki amfani.

Na ɗan bi diddigin wasan kafin in amsa miki, domin mu nan ƙwallon ƙafa muka sani. A gasar Firimiya ta Ingila kowace ƙungiya wasa 38 take bugawa a kaka, amma kin ga yadda samarinmu suka zama kamar marayu da aka rufe gidajen kallo, har sai da aka dawo ranar 17 ga Yuni, 2020. To a besbol wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum, yawanci da misalin bakwai na yamma. Ki duba rayuwar direban tasi. Yana zaune shi kaɗai a bayan sitiyari awa goma ko fiye, fasinja ya shiga ya fita ba wanda ya san sunansa, abin da ke taya shi hira shi ne rediyo, a wancan lokacin muryar John Sterling da Suzyn Waldman suna ba da labarin wasa a tashar WFAN, jifa bayan jifa, har kusan ƙarfe goma na dare. Shekara da shekaru haka. Ranar 12 ga Maris, 2020 hukumar wasan ta dakatar da atisayen share fage, ranar buɗe kaka da aka sa 26 ga Maris ta zo ta wuce shiru. A cikin mako biyu mutumin nan ya rasa mota, ya rasa jam'i a masallaci, ya rasa majalisar direbobi, ya rasa muryar da ke raka shi dare. Sai kuma Afrilu ta zo da nata.

A 2020 kuma magoya bayan Yankees sun ci buri. Kofin zakarun gasar, wato World Series, guda 27 ƙungiyar ke da shi, babu mai kamarsa, amma rabonsu da ɗauka tun 2009. A watan Disambar 2019 suka ɗauko gwanin jifa Gerrit Cole a kan dala miliyan 324 na shekara tara, kowa na cewa bana kam sai mu. A Janairun 2020 aka zaɓi tsohon kyaftin ɗinsu Derek Jeter cikin zauren gwarazan wasan, ƙuri'a ɗaya tak ta hana shi samun duka, bikin da za a yi masa a Yuli ma aka ɗage shi zuwa 2021. Wato an ɗora tukunya, an ji ƙamshi, aka kashe wuta. Wasan Koriya da ya ɗaure miki kai kuwa, ba maigidanki kaɗai ba ne. Koriya ta Kudu ta buɗe gasarta ranar 5 ga Mayu ba 'yan kallo, tashar ESPN ta riƙa nunawa tsakar dare zuwa asuba agogon New York, Amurkawa da yawa suka koma kwana a zaune. Ya zo daidai da azumi, mai tashi sahur ya samu abin kallo, barcinsa ya juye, bai kuma koma daidai ba.

Sauran tsofaffin wasannin. Ga nawa hasashen, ki auna shi da abin da kika sani, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasan 1978 ko na 1996 ya riga ya ƙare, an san wanda ya ci, ba wanda zai buga waya tsakiyarsa ya ce an kai wane asibiti. A lokacin da motar ɗaukar marasa lafiya ke ta jiniya a titunan Bronx dare da rana, mutum ya sami wuri ɗaya da ya san ƙarshen labari tun kafin a fara, ba abin mamaki ba ne ya shige ciki ya ja ƙofa. Littafin lambobin nan ma haka. Wanda ya saba lissafin kuɗin yini kowane dare, hannunsa na neman abin da zai lissafa.

Yanzu ga kalmar nan, matattun Turawa. Na san gajiya ce ta yi magana, amma ta sauka inda ba ki nufa ba. Mutumin da ke ɗauke da mamaci a zuciya bai iya faɗa ba, aka yi masa gori da matattu, ai dole ya yi shiru. Kuma ko a zahiri tarihin ba na Turawa kaɗai ba ne. Shekaru da dama an hana baƙar fata shiga babbar gasar, har suka kafa tasu a Kansas City a 1920, a 2020 aka cika shekara 100 cif. Sai ranar 15 ga Afrilu, 1947 Jackie Robinson ya karya shingen a ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, ya sha zagi da barazanar kisa. Su Yankees ɗin ma sai 1955 suka sa baƙar fata na farko, Elston Howard, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan gasarsu a 1963. Lambar rigar Robinson, 42, an jingine ta a duk ƙungiyoyi, wanda ya sa ta na ƙarshe shi ne Mariano Rivera na Yankees, ɗan masunci daga Panama, baƙo kamar maigidanki, da ya zo bai iya Turanci ba. Har ɗan Afirka ya shiga, Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, a 2017. A wannan shekarar ta 2020 da ɗan sanda ya kashe baƙar fata George Floyd, 'ya'yanki da aka haifa a Amurka suna bukatar jin irin wannan labari, kuma ga ubansu da shi cike da littafi. Akwai kuma Lou Gehrig, wanda ya buga wasa 2,130 a jere bai taɓa fashi ba, sai cutar da ke kashe jijiyoyin motsi ta kama shi a 1939, ya rasu a 1941 yana da shekara 37, a nan Bronx ɗinku. In kin leƙa littafin kika ga sunansa ya yawaita, kin san abin da ake karantawa.

Duk wannan bai wanke shi ba, kada ki ɗauka na koma bayansa. Baƙin ciki ba ya ɗauke wa magidanci haƙƙin iyali. Matarsa na fita neman abinci cikin haɗari, shi yana gida lafiyarsa ƙalau, ya bar yara uku ba mai duba karatunsu, ya bar kwanuka, wannan zalunci ne ko da bai yi niyya ba. Wanke kwano bai taɓa rage wa namiji girma ba, Manzon Allah (SAW) ma yana taya iyalinsa aikin gida. Barci daga hantsi zuwa bayan azahar kullum kuma yana cin jiki, yana cin zuciya, yana ƙara wa mai damuwa damuwa. Dole wannan ya canza, kuma ke ce ke da ikon nema.

Amma hanyoyin biyu da kika kawo, ban goyi bayan ko ɗaya ba a yanzu. In kin yanke tasha, wayarsa na nan, tsofaffin wasannin cike suke a YouTube kyauta. Abin da za ki samu kawai shi ne ya tashi daga falo inda kike ganinsa ya koma banɗaki ko cikin motar da ke ajiye, ya kuma ji an mai da shi yaro a gidansa don ba shi ne ke kawo kuɗi ba. Sai dai in kuɗin tashar ya yi muku nauyi, wannan maganar lissafi ce, ku biyu za ku zauna ku yanke. Kiran yayansa kuwa, ki tuna yayan na cikin masu jiran kuɗin layya. Ranar da kika ce masa ƙaninsa na zaman kashe wando yana kallon ƙwallo, kafin magariba zango ya ɗauka, kuma maigidanki zai daɗe bai manta wanda ya kwance masa zani a kasuwa ba. In za ki kira yayan, ki kira shi da wata magana dabam. Ki ce, "Yaya, rasuwar wane ta taɓa ƙaninka fiye da yadda yake nunawa, don Allah ka riƙa kiransa kuna hira." Wannan taimako ne, ba ƙara ba.

Ki fara da karya shirun nan, kada ya kai layya. Ki zaɓi ranar da ba ki da aiki, yara sun kwanta, ki kawo shayi ki zauna kusa da shi talabijin na kunne, kada ki ce a kashe. Ki ba shi haƙuri a kan kalmar, ita kaɗai. Kada ki ce "ka yafe mini duk abin da na yi", domin zare wayar da kukan gajiya suna da dalili, in kika janye su gobe ba ki da bakin magana. Ki ce, "Baban yara, maganar matattu da na yi ba ta dace ba, ka yi haƙuri." Sai ki ɗan yi shiru, ki kalli wasan tare da shi, sannan ki jefa tambayar nan: wa ya fara kai ka filin nan? In ya amsa da kalma ɗaya, ki bar shi, kin dai buɗe ƙofa. In ya fara ba da labari, ko na awa biyu ne, ko rabinsa lambobi ne da ba ki gane ba, kada ki katse shi. Maza da yawa ba sa iya cewa "ina kewar wane", sai dai su ce "ranar nan muna zaune can sama, sanyi kamar me, wane ya sayo mana gyaɗa".

Maganar aikin gida ki bar ta sai washegari, kada ki haɗa su zama ɗaya, in ba haka ba zai ɗauka haƙurin da kika bayar toshiyar baki ce. In kin zo yinta, kada ki ce "ka canza", wannan ba shi da kai ba shi da gindi. Ki faɗi abin da ido ke gani: ya tashi kafin ki fita aiki, abincin rana na yara a wuyansa yake, ki dawo ki tarar da wurin wanke-wanke fes. Bayan haka yammacinsa nasa ne, ya kalli abin da ya ga dama har sha ɗaya ko sha biyu, wasan Koriya kuma ya ga sakamako da safe. Kin ba shi abu, kin karɓi abu.

Ki kuma fitar da wasan daga ɗaki. Daura da sabon filin akwai filayen jama'a da ake kira Heritage Field, a daidai inda tsohon filin 1923 yake kafin a rushe shi. Ya ɗauki yaran da yamma, da takunkuminsu, da ƙwallo ɗaya, ya nuna musu inda tsofaffin gwanayen Yankees Babe Ruth da Gehrig suka taka, ya koya musu jifa. Zai sha rana, zai yi gumi, zai yi barcin dare, ke kuma ki samu awa biyu ki miƙe ƙafa ba mai kiran "Mama". Ki sa babban cikinsu ya tambaye shi labarin lamba 42, ki ga yadda littafin nan zai buɗe.

Marigayin kuma a yi masa abin da ba a yi ba. Arba'in ta wuce, addu'a ba ta wucewa. Ki ba maigida shawara ku dafa abinci ku raba sadaka da sunansa, ku sa malamin masallacinku ya yi masa addu'a, ya haɗa tsofaffin abokansu ko ta waya ne a yi masa Fatiha, ya kira iyayensa ko matarsa ya yi musu ta'aziyya mai tsawo. Ki bar shi ya zama shi ne mai shirya abin. Mai makoki in ya samu aikin yi wa mamacinsa, nauyin kan ragu.

Kuɗi kuwa ba ya jiran kowa ya warke. Ƙarin dala 600 na mako da gwamnatin tarayya ke bai wa waɗanda suka rasa aiki ƙarshen wannan watan na Yulin 2020 zai ƙare, sai dai in majalisa ta sabunta, kada ku gina lissafi a kan haka. Ku zauna da biro da takarda, ga mai son lambobi nan a gida, ki miƙa masa lissafin haya da cefane ya riƙe. In tsoron ɗaukar fasinja ne ke hana shi fita, kuma tsoro ne mai dalili ga wanda ya binne amini, birnin ya riƙa ɗaukar direbobi masu lasisin tasi suna kai wa mabukata abinci gida-gida, ya bincika ko har yanzu ana ɗauka, ya fara da wannan ko da kwana biyu a mako. Mutanen gida kuma a gaya musu gaskiya tun yanzu, kada a bari sai jajibiri. Layya ga mai hali take, a 2020 ko aikin hajji an taƙaita shi ga mutane kaɗan mazauna Saudiyya, kowa ya san shekarar da ake ciki. Abin da ya samu a aika, wanda bai samu ba kada a ci bashi a kansa.

Abu ɗaya nake so ki sa wa ido sosai. In kin ga ya daina cin abinci, ya daina wanka, ya rame, ko yana furta maganganu irin su gara ma shi ne ya tafi, ko kun fi jin daɗi in ba shi, to an wuce maganar besbol, ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar hawan jini. Ku ga likita, ko ki kira layin taimakon masu damuwa na birnin, kyauta ne, dare da rana, suna kuma haɗa mutum da tafinta. Ke ma in nauyin ya yi miki yawa layin naki ne, wata huɗun da kika yi ba wasa ba ne.

Kin yi sa'a lokaci zai taya ki gane inda aka dosa. Rigimar kuɗin da yake bi ta lafa, an tsayar da kaka mai wasa 60 kacal, ba 'yan kallo, kuma Yankees ne za su buɗe ta da ƙungiyar Nationals a Washington ranar Alhamis 23 ga Yuli, 2020 da dare. Ki dafa abin da yake so ranar, ku zauna ku biyar ku kalla, ki bari ya yi ta bayani har ya gaji. Daga nan ki lura da makonni biyun da za su biyo baya. In sabon wasa ya dawo da shi kan agogon mutane, yana kallo da yamma yana kwanciya da dare, tsofaffin wasannin suna raguwa, to dama gurbi yake cikewa. In kuwa ga wasa na gaske ana yi amma har yanzu asuba na riskarsa gaban hoto baƙi da fari, kada ki ƙara jira, ki nemi malamin masallaci ko wani dattijo da yake jin nauyinsa a nan New York, ku lallaɓa shi zuwa wurin likita. Ki sake rubuto mini bayan layya, ina so in ji amsar da ya ba ki a kan wanda ya fara kai shi filin.